Wa Ke Kula Da Wuta A Wurin Gini?

Duk wanda ya zaga Kafanchan a 'yan shekarun nan, daga Takau zuwa hanyar Kagoro, ya san gine-gine sai tashi suke yi: benaye, shaguna, otal-otal, da ɗakunan haya na ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Madalla. Amma shiga kowane wurin gini ka tambaya wa aka ɗora wa alhakin hana gobara, ka ga yadda za a bi ka da ido. Akwai mai ƙirga buhunan siminti, akwai mai tsaron rodi kada a sace. Wuta kuwa ba ta da mai kula.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne walda. Mai walda yana can sama yana haɗa ƙarfen rufi, tartsatsi yana zubowa. A ƙasa an jibge katakon dekin da ya bushe ƙayau, ga takardun buhun siminti, ga gwangwanin fenti a buɗe. Gefe guda janareta yana ruri, jarkar fetur tana jingine da shi, an toshe bakinta da leda. Da mai ya kusa ƙarewa sai yaron mai walda ya zo ya tuttula wani, injin yana kunne, wai kada aiki ya tsaya. Ka yi magana a ce maka, "Oga, kullum haka muke yi, ba abin da ya taɓa faruwa." Wannan wace irin hujja ce, jama'a?

Tartsatsin walda ba nan take yake nuna kansa ba. Yakan faɗa cikin dusar katako ya yi ta ci a ɓoye, sai an tashi aiki kowa ya tafi gida sannan wuta ta bayyana. Shi ya sa ƙa'idar aiki a Amurka ta ce a kawar da duk abin da ke kama wuta har tazarar kusan mita 11 daga wurin walda, kuma mutum guda ya tsaya yana sa ido na aƙalla awa ɗaya bayan an gama. Mu a nan, ana kashe inji an naɗe waya an hau acaɓa. To ina ga lokacin hunturu, da komai ya bushe, iska tana kaɗawa, maƙwabta kuma suna ƙona ciyawa a jikin katanga?

Kada wani ya ce gobara sai a ƙaramin gini. Babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris ana tsakiyar yi mata gyara ta kama da wuta ranar 15 ga Afrilu, 2019, kuma masu bincike sun fi zargin guntun taba ko matsalar wayar lantarki. Sai a Disambar 2024 aka sake buɗe ta.

Babban aiki yana bukatar jami'in kula da gobara na musamman. A ƙaramin gini, shugaban leburori ya isa, muddin an kira sunansa an ce aikinsa ne. Ba a kunna injin walda sai ya duba wurin ya amince. Shi zai sa a ware fetur da fenti nesa da inda ake aiki, ya ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai wuce ba, ya nuna wa leburori yadda ake zare fil a fesa a gindin wuta. Ya kuma ja kunnensu: ba a watsa wa wutar fetur ko ta lantarki ruwa. Lambar 'yan kwana-kwana ta kasance a rubuce a bango, ƙofar shiga kuma kada a tare ta da tulin yashi da bulo.

Sai maigadi, wanda ake bari ya kwana a sito tare da fenti da katako, yana girki da gawayi, yana jin ɗumi da dare. A ba shi ɗaki daban.

Kai kuma mai gini, kafin ka ba ɗan kwangila kuɗin somin aiki, sa a rubuta sunan mai kula da wuta a cikin yarjejeniya. In ya ce babu bukata, nemi wani.