Haɗa Laftof da Taurarin Ɗan'adam: A Fara Duba Eriya

Shirinmu na musamman na yau zai ɗauki wata tambaya da masu fita aiki bayan gari da kwamfuta ke yawan yi, irin su masu safiyo, masu haƙa rijiyar burtsatse, malaman gona da ɗalibai masu zana taswira. Wayar da ke aljihu tana nuna inda mutum yake tsaye. To me ya hana laftof, kuma yaya za a yi ita ma ta iya?

Amsar farko ita ce, yawancin laftof ba su zo da na'urar kama taurari ba. Idan ka ga taka ta nuna unguwarku a taswira, ƙiyasi ta yi daga Wi-Fi ɗin da ke kewaye ko daga adireshin intanet. Ka fita da ita inda babu sabis, nan take za ta rasa inda take.

Tsarin GPS na Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, yau kuma kimanin talatin ke aiki a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou. Sai na'ura ta ji aƙalla taurari huɗu kafin ta faɗi inda kake. To amma kafin saƙon ya sauko daga wannan nisa ya yi rauni ƙwarai, har ya gaza hayaniyar lantarkin da ke cikin na'urar kanta, kamar a yi maka raɗa daga wancan ƙarshen kasuwa ranar da ta cika. Shi ya sa eriya, wadda mutane suka fi rainawa, ita ce ke yanke hukunci.

Hanya biyu ake bi don haɗa laftof da taurarin. Ta farko ita ce ƙaramar na'ura mai igiyar USB, irin GlobalSat BU-353 ko masu ƙwaƙwalwar u-blox, inda eriya da na'urar kamawa ke cikin kwanso ɗaya, kamfani ya riga ya daidaita su. Ta biyu ita ce a buɗe laftof a sa mata katin sadarwar salula, irin na Sierra Wireless ko Quectel, domin da yawansu suna kama taurari. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Mai gyara zai buɗe laftof ta hannu, ya ga gurbin katin, ya ce ai shi ke nan. Amma sau da yawa gurbin yana nan, wayoyin eriyar da ya kamata su bi ta bayan allo su sauko ba a sa su ba. Sai a ce a ari eriyar Wi-Fi. Ita kuwa an yi ta ne don gigahaz 2.4 da 5, alhali GPS yana kan megahaz 1575.42, don haka ko ta kama wani abu, ba zai wadatar ba. Ga kuma bakin wayar: tsofaffin katuna suna amfani da U.FL, sababbi masu shiga gurbin M.2 kuma MHF4, wanda ya fi ƙanƙanta. A ido kamar ɗaya suke, amma in aka danna da ƙarfi sai a ɓalle bakin katin. Wasu laftof ma, kamar nau'o'in ThinkPad da dama, ba sa tashi idan aka sa katin da kamfanin bai amince da shi ba.

Mu zo kan eriyar waje, mai maganaɗisu da doguwar igiya. Iri biyu ce. Akwai wadda ba ta buƙatar wuta, akwai kuma mai ƙaramin amfilifaya a ciki da ke ƙara wa saƙo ƙarfi kafin ya bi igiya. Wannan ta biyun tana cin wuta, galibi bolt 3 zuwa 5, kuma ta cikin igiyar eriyar wutar ke zuwa mata daga na'urar kamawa. Idan na'urarka ba ta tura wuta, wannan eriya kurma ce, komai tsadarta. Idan kuma marar amfilifaya ce aka ɗaura mata igiya mai tsawo, ɗan saƙon da ta kama zai ƙare a hanya.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗaga bakin igiyar ka leƙa ciki. Eriyar GPS yawanci bakin SMA gare ta, mai siririyar allura a tsakiya. Na'urorin Wi-Fi kuma RP-SMA suke amfani da shi, wanda aka juya wurin allurar. Idan aka sa eriyar Wi-Fi a na'urar GPS, za su ɗauru tsaf, zaren ya hau daidai, amma a ciki rami ne ya fuskanci rami, ba abin da ya taɓa wani. Igiyar ma ohm 50 ake so, ta dish ɗin talabijin kuwa 75 ce. Sannan tsohuwar eriya da aka yi don GPS kaɗai tana iya tace GLONASS, da ke wajen megahaz 1602, da BeiDou da ke wajen 1561, ta zubar. Sabon zangon L5, na megahaz 1176.45, shi sai eriyar da aka ƙera dominsa.

An haɗa komai, saura gwaji, kuma don Allah kada a yi shi a cikin shago. Rufin kwano da kankare suna tare saƙon. A fita fili inda sama take a buɗe, a ɗora eriyar kan rufin mota tana kallon sama, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinta yana taimaka mata. A nisanta ta da laftof ɗin, saboda kwamfuta da mashigar USB 3 suna fitar da hayaniyar da ke danne saƙon. Sai haƙuri: tauraro yana aiko bayanansa a hankali, bit 50 kacal a daƙiƙa, kuma cikakken jadawalin taurarin yana ɗaukar minti goma sha biyu da rabi. Na'urar da aka kunna karon farko tana iya jimawa, ba lalacewa ta yi ba. A cikin manhaja kuma a zaɓi mashigar COM da ta dace da saurin 4800 ko 9600. Da zarar layukan NMEA, wato bayanan da na'urar ke aikowa, sun fara gangarowa a allo, kwamfuta da na'ura sun fahimci juna.

Abu biyu sun shafe mu musamman. Yankinmu yana kusa da tsakiyar duniya, inda saman sararin samaniya kan hargitse bayan faɗuwar rana ya girgiza saƙon, don haka awo mai muhimmanci gara a yi shi da safe. Na biyu, GPS yana aiki da ma'aunin WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa an zana su da ma'aunin Minna, kuma bambancin yakan kai gomman mitoci. Ita kanta ƙaramar na'urar kuskurenta 'yan mitoci ne. Ta isa nuna rijiya ko ƙauye, amma ba ta isa raba iyakar gona ko fuloti ba. Wannan aikin mai safiyo ne da kayansa.

Shawarata ga wanda ba sana'arsa ke nan ba: ya sayi mai USB, ya bar cikin laftof ɗinsa yadda yake. Wanda kuma ya nace sai eriyar waje, ya tafi kasuwa da na'urar a hannu, ya tambayi bolt nawa take turawa, ya duba bakin igiya da idonsa, kuma kada ya biya sai an fita waje ta kama taurari a gabansa.