FASHIN BAƘI: Burodin ayaba da lemu a tukunyar yashi, da tarkon alkamar da Najeriya ta kasa fita

Duk wanda ya saba karya kumallo a teburin mai shayi da ke bakin titin Sakkwato a Samaru, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya san cewa burodi ya canza tun daga tsakiyar 2023. Kuɗinsa ya hau, jikinsa ya rame, kuma sau da yawa idan aka matsa shi a tafin hannu sai ya koma tamkar auduga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, sai fulawa da sukari da kuɗin dakon kaya suka yi tashin gwauron zabi. Zuwa Yunin 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Akwai wani nau'in burodi da ba ya buƙatar gidan burodi, ba ya buƙatar yis, ba ya jiran kwaɓi ya kwana. Ana haɗa shi cikin minti goma sha biyar da ayabar da ta nuna lugub da lemun da ake zubarwa tuli-tuli a kasuwar Sabon Gari lokacin hunturu. Fahimtar yadda yake tashi kuwa tana buɗe wata tambaya da ta fi ɗakin girki faɗi.

Yadda yake tashi ba tare da yis ba

Burodin kanti yana tashi ne saboda yis, wanda ƙwayar halitta ce mai rai. Yis yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi yana fitar da iska a hankali, tsawon awa ɗaya ko biyu. Domin iskar ta zauna a ciki, dole kwaɓin ya zama mai danƙo, kuma wannan danƙon daga wani sinadari yake zuwa da ake kira gulutin, wanda alkama ke da shi amma dawa da gero da masara da rogo ba su da shi. Shi ya sa mai burodi ke murza kwaɓi har gumi ya keto masa.

Burodin gaggawa ya bi wata hanya. Idan bakin soda ya haɗu da abu mai tsami, kamar ruwan lemu ko kindirmo, nan take iska ke fita. Bakin hoda kuma soda ne da aka riga aka gauraya shi da busasshen tsami, yana fara aiki da zarar ya jiƙe, ya ƙarasa idan ya ji zafi. Matan da ke jefa ɗan ruwan kanwa a ƙullun waina mai tsami sun daɗe da sanin wannan hikima, ko da ba su ba ta suna ba. A nan ƙwai da sitacin gari ne ke riƙe jikin burodin idan ya gasu, don haka ba a son danƙo da yawa. Wanda ya buga kwaɓin da ƙarfi kamar na fanke zai fitar da abu mai tauri da ramuka a ciki.

Ga yadda ake haɗa guda ɗaya. A samu fulawa kofi biyu, kimanin giram 250, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na bakin hoda, rabin ƙaramin cokali na bakin soda da ɗan gishiri, a gauraya su a bushe. A wani kwanon a dame ayaba uku da bawonsu ya fara baƙi, a fasa ƙwai biyu, a zuba man gyaɗa kwata kofi, kindirmo kwata kofi, ruwan lemun zaƙi kwata kofi, da sukari babban cokali uku ko huɗu. Sai a juye mai ruwan a kan busasshen, a juya da cokali sau kaɗan, a tsaya da zarar garin ya ɓace, ko da akwai 'yan gudaji. Kada a ajiye shi, domin iskar ta riga ta fara fita. A shafa wa gwangwanin gashi mai, a zuba, a kai wuta.

Ƙamshin ba daga ruwan lemun yake zuwa ba, daga bawonsa ne. Masu fere lemu a tasha suna zubar da mafi tsadar abin da ke jikinsa kullum. A wanke lemun sosai, a kankare saman bawon da abin goga kuɓewa, a tsaya kafin a kai ga farin da ke ƙasa, domin shi ne mai ɗaci. Idan aka murje wannan kankaren cikin sukari da yatsu kafin a zuba, man da ke cikinsa zai fita ya game burodin baki ɗaya.

Abin da ya sa ba shi da nauyi shi ne, irin wannan girkin a littattafan Turawa yakan ci sukari kofi guda da bota rabin kofi. A nan ayaba ta ɗauki mafi yawan aikin sukari, kindirmo ya ɗauki rabin aikin mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babba. Duk da haka burodi ne na fulawa da ayaba, mai ciwon sukari ba zai ɗauke shi magani ba. Ribar da ba ta da gardama ita ce mai gasawa ya san abin da ya zuba. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a burodi tun zamanin Dora Akunyili, amma har yanzu tana fitowa lokaci-lokaci tana gargaɗin masu amfani da shi.

Wanda ke da obin zai gasa a digiri 175 na tsawon minti 50 zuwa awa ɗaya. Mafi yawan ɗalibai da ma'aikata ba su da shi, kuma tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, mai shi ma sai ya yi lissafi. Tsohuwar dabara tana nan: tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a rufe ta ta yi zafi kamar minti goma sha biyar a kan gawayi, a ɗora gwangwanin a kan 'yan duwatsu uku don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Ba a buɗewa kafin rabin awa. Idan aka soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu.

Inda Samaru ta shigo

Tun da wannan burodin bai dogara da danƙon alkama ba, ana iya cire kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar a maye gurbinsa da garin farar dawa da aka niƙa da laushi aka tankaɗe. Zai ɗan fi duhu, ya ɗan fi saurin marmashewa, amma zai tashi. Idan aka wuce haka da yawa sai ya fara wargajewa a hannu.

Dawar nan kuwa 'yar gida ce. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke da alhakin inganta irin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga a ƙasar nan. Harafin SAM da ke farkon sunayen iri kamar SAMSORG da SAMNUT daga Samaru aka ciro shi. Alkama ba ta cikin aikinta, an damƙa ta ga Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri. Amfanin gona ce mai son sanyi, sai a noman rani da ban-ruwa a Kano da Jigawa da makamantansu. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2021 ya nuna abin da aka noma a ƙasar bai kai tan dubu 40 ba, alhali ana shigo da sama da tan miliyan huɗu a shekara. Ke nan kusan kowane loma na burodin mai shayi da dala aka sayo shi, kuma duk ranar da naira ta faɗi sai ya ji a jikinsa.

Wannan matsala tana da suna, kuma Zariya na da hannu a raɗa shi. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa littafin The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu ita ce kuɗin fetur sun saba wa birane da abincin da ƙasar ba za ta iya nomawa da araha ba, kuma manyan madatsun ruwa da aka gina da sunan noman alkama ba za su cike giɓin ba. Shekara biyu bayan haka gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, aka janye haramcin a farkon shekarun 1990. Gwamnatin Obasanjo ta umarci a riƙa sa garin rogo kashi goma a fulawa. Ta Jonathan, da Akinwumi Adesina a matsayin ministan noma, ta farfaɗo da shirin a 2012, ta ƙara haraji kan alkama, shugaban ƙasa ya ci burodin rogo a gaban kyamara. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Tinubu ta sanar da dakatar da harajin shigo da alkama da wasu hatsi na kwana 150.

Shirye-shiryen rogon sun taru ne a wuri ɗaya: burodin yis mai yanka-yanka, wanda shi ne mafi tsananin buƙatar gulutin a duk abin da ake gasawa. An nemi mai gidan burodi ya sayar da abin da bai kai na jiya tashi ba, ga kwastoman da ya saba auna burodi da ido. Abincin da ke karɓar garin gida ba tare da gardama ba, irin su waina da sinasir da wannan burodin gaggawa, ba su samu irin wannan kulawar hukuma ba.

Ba za a ce gasa burodi a gida ya fi sayen na kanti araha ba. Ƙwai biyu da kindirmo da gawayi suna da nasu kuɗin, kuma kashi uku cikin huɗu na garin har yanzu daga jirgin ruwa ya sauka a Apapa. Inda ake samun sauƙi shi ne ayabar: wadda bawonta ya yi baƙi, mai tebur ke neman rabuwa da ita da yamma a kan kowane farashi, ita ce ta fi dacewa. Burodin ba shi da maganin hana lalacewa, don haka a zafin Zariya na watan Afrilu kwana biyu ne iyakarsa a waje, a hunturu kuma yakan kai uku idan an naɗe shi da tsumma mai tsabta bayan ya huce sarai.