Rashin Natsuwa ko Baifola: Yadda Likita Ke Rarrabewa

Cututtuka biyu na ƙwaƙwalwa kan rikita ko da ƙwararru idan sun bayyana ga baligi: ciwon rashin natsuwa, wanda likitoci ke kira ADHD, da ciwon sauyin yanayi, wato baifola. Dukansu kan zo da yawan surutu, da garaje, da kasa zama wuri ɗaya.

Lokaci ne ke raba su. Rashin natsuwa tun yarinta yake farawa, kuma ba ya hutu. Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya sharɗanta alamun su bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya. Mai shi tun yana makarantar allo aka san shi da mantuwa da ƙiriniya. Baifola kuwa zuwa yake ya lafa, galibi daga ƙarshen samartaka. Tashinsa mai tsanani kan kai mako guda, mai sauƙin aƙalla kwana 4, sannan sau da yawa baƙin ciki na mako 2 ko fiye ya biyo baya.

A ɗauki ɗan kasuwa a Amarawa da ke kai kaya Birnin Ƙonni. Idan kullum sai ya rikita lissafi ko ya manta alkawari, halinsa ke nan da kowa ya sani. Amma idan mutum mai tsantseni ne, kwatsam ya zuba jarinsa duka a ciniki ɗaya, yana jin ya fi kowa, yana barcin awa 3 ya tashi garau, wannan sauyi ne. Barcin nan babbar shaida ce: mai rashin natsuwa in bai samu barci ba yakan wayi gari a gajiye, mai tashin baifola ko a jikinsa.

Kuskure a nan yana da tsada. Magungunan rashin natsuwa irin su methylphenidate na iya tayar da baifola. Shi ya sa idan mutum na da duka biyun, abin da kan faru, sai a fara daidaita yanayinsa da magani kamar lithium. Likita kuma kan binciki shan tiramadol da ciwon maƙoƙo mai sa zafin jiki, domin su ma suna kwaikwayon waɗannan alamu.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana kan hanyar Illela zuwa Sakkwato. Duk mai zuwa can ya tafi da mahaifi, ko yaya, ko wani da ya san yarintarsa, domin labarin da za su bayar shi ne ginshiƙin binciken.