Amfanin Jan Dogon Numfashi

A ɗakin da muke kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata, akwai abin da muke fama da shi kullum. Washegarin aiki mukan je bakin gadon mara lafiya, mu ce masa ya ja dogon numfashi, ya yi tari. Sai ya girgiza kai, ya dafe ciki, ya ce ɗinki zai farke. Mai jinyarsa ma takan goya masa baya, ta ce, "Malama, ki bar shi ya huta."

Na tuna wata mata da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata. Kwana biyu tana kwance ba motsi, tana numfashi sama-sama saboda tsoron zafi. A kwana na uku zazzaɓi ya rufe ta, ga tari, ga haki. Dangi suka ɗauka wurin ɗinkin ne ya lalace. Da likita ya duba, ɗinki lafiya lau, huhunta ne ya kamu. Ta warke, amma sai da ta ƙara kwanaki a asibiti, mijinta ya ƙara kashe kuɗin magani, jaririn kuma ya sha wuya wajen samun nono. Saboda irin wannan ne muka ga ya kamata mu yi muku bayani a kan numfashi.

Yadda numfashi yake aiki

Kowane mutum yana da huhu biyu a cikin ƙirjinsa, haƙarƙari sun kewaye su. A ƙarƙashin huhun akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Ita ce take yin mafi yawan aikin numfashi, kamar yadda zugazugin maƙeri yake jan iska yana hura wuta. Idan ta sauka ƙasa, sai huhu ya buɗe, iska ta shiga, ciki ya ɗan taso. Idan ta koma sama, sai iska ta fita.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Tana bi ta hanci da maƙogwaro, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi kamar rassan bishiya, har ta kai ga wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, miliyoyi masu yawa, waɗanda ido ba ya iya gani. A nan ne oksijin yake ratsawa ya shiga jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi, zuciya ta tura shi ko'ina a jiki. Da shi jiki yake ƙona abincin da muka ci ya samu ƙarfi. Dattin da ya fito daga wannan aiki, wato iskar kabon dayoksaid, jini ne yake mayar da shi huhu, mu fitar da shi waje.

Babban mutum mai lafiya, idan yana zaune a natse, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A kowane ja yakan shigar da iska kimanin rabin lita. Wannan kaɗan ne daga abin da huhu zai iya ɗauka. Shi ya sa jiki da kansa yakan yi ajiyar zuciya jifa-jifa, ko mutum bai lura ba, domin ya buɗe jakunkunan ƙasan huhu da suka fara motsewa.

Shin dogon numfashi yana ƙara oksijin a jini?

Mutane da yawa suna faɗin haka, don haka ya kamata mu gyara zancen. Akwai wata 'yar na'ura da muke maƙala wa mara lafiya a yatsa, tana nuna yawan oksijin da ke cikin jininsa. Ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa 100. Ma'ana, jininsa ya riga ya cika, kamar tulun da ruwa ya kai baki. Ko ya yini yana jan iska, ba wani abin kirki da zai ƙaru. Hasali ma, wanda ya yi ta jan numfashi da ƙarfi da sauri sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓuna su yi masa tsitsitsi, domin ya fitar da kabon dayoksaid fiye da kima.

Amfanin dogon numfashi yana wani waje dabam. Yana buɗe ƙasan huhu, yana taimakawa wajen fitar da majina, yana kuma kwantar da zuciya da hankali. Mutane iri huɗu ne suka fi cin moriyarsa.

Na ɗaya, wanda aka yi wa tiyata ko ya daɗe a kwance. Maganin barci na tiyata, da zafin ciwo, da doguwar kwanciya, duk suna sa numfashi ya zama gajere. Sai jakunkunan ƙasan huhu su motse, majina ta taru a wurin. Inda majina ta kwanta kuwa, nan ƙwayoyin cuta suke samun gida, kamar yadda sauro yake samun kwantaccen ruwa. Daga nan ciwon huhu yake farawa. Tsofaffin da suka karye, da masu shanyewar ɓarin jiki, da wanda ya bugu a haƙarƙari, duk suna cikin wannan haɗari.

Na biyu, mai fargaba da damuwa. Idan mutum ya tsorata, zuciya takan buga da sauri, numfashi ya koma sama-sama, gumi ya keto. Idan ya sassauta numfashinsa, musamman ya tsawaita fitar da iska, bugun zuciya yakan ragu, jiki ya saki. Mukan koya wa wanda za a yi wa allura, da wanda ya kasa barci don tunani. Mai hawan jini ma yakan ga awonsa ya ɗan sauka bayan ya yi hakan, amma saukar kaɗan ce. Kada ya bar shan maganinsa.

Na uku, mai naƙuda. Numfashi a hankali ba ya kawar da zafin naƙuda, amma yana hana mace firgita da gajiya tun lokacin yunƙuri bai yi ba. Ta ja iska ta hanci idan ciwo ya taso, ta sake ta a hankali ta baki har ya lafa.

Na huɗu, mai daɗaɗɗen ciwon ƙirji. Akwai tsofaffin da shan taba ko hayaƙin girki na shekaru ya lalata musu hanyoyin iska. Iska takan shiga, amma fitarta da wuya, sai su yi ta haki ko da 'yar tafiya suka yi. Su akwai dabarar da ta dace da su, za mu bayyana ta a ƙasa.

Yadda ake yi

1. Ku zauna ku jingina, ko ku kwanta a ɗaga muku kai da matashi. Ku saki kafaɗu.
2. Ku ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki.
3. Ku ja iska ta hanci a hankali. Hannun da ke ciki shi ne zai taso. Na ƙirji kada ya motsa sosai.
4. Ku riƙe iskar, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci.
5. Ku sake ta ta baki a hankali, har ta ƙare.
6. Ku yi sau biyar, ku huta, ku sake yin biyar. Idan kun ji jiri, ku dakata.

Wanda aka yi wa tiyata ya yi haka sau goma a kowace awa, muddin idonsa biyu. Bayan ya gama, ya rungume matashi ko naɗaɗɗen zane a kan wurin ɗinkin, ya danna da hannu biyu, ya yi tari mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu, ya tofar da abin da ya fito. Matashin yana rage zafi, yana kuma tallafe ɗinkin. Idan zafi ya hana ku, ku gaya mana mu ba ku magani. Ba jarumta ba ce a yi shiru. Akwai tiyatar da ba a son tari mai ƙarfi bayanta, kamar ta ido, saboda haka ku tambayi ma'aikacin jinya tukuna. Da zarar an ba ku izinin tashi, ku tashi ku taka, ko daga gado zuwa ƙofa ne. Tafiya ita ma tana buɗe huhu.

Mai daɗaɗɗen ciwon ƙirji kuwa, ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, sa'an nan ya tsuke baki kamar mai hura kunu mai zafi, ya fitar da ita yana ƙirga huɗu. Tsuke bakin yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri, sai tsohuwar iska ta samu fita. Ya riƙa yin haka idan zai hau tudu ko zai ɗauki kaya. Da farko abin yakan yi wuya, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ku kula da iskar da kuke shaƙa

Jan dogon numfashi a cikin hayaƙi cuta ce. Macen da take girki da itace a rufaffen madafi, da goyo a bayanta, ita da ɗan duk hayaƙi ɗaya suke sha. A yi girki a waje idan da hali, ko a buɗe wa madafi taga. A yi amfani da busasshen itace. Kada a hura wuta da leda ko roba. Mai shan taba kada ya sha a cikin ɗaki, barinta gaba ɗaya kuma shi ya fi.

Lokacin hunturu, idan ƙura ta yi yawa, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a yayyafa ruwa kafin a yi shara. Babban haɗarin wannan lokaci shi ne gawayi. Saboda sanyi, wasu sukan shiga da kaskon wuta ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye, sai ta hana shi wurin zama. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, yana iya wucewa a cikin barcinsa. Janareto ma haka yake. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada a kunna janareto a cikin gida. Idan kun tarar da wani a wannan hali, ku fito da shi waje nan take, ku kawo shi asibiti.

Lokacin da dogon numfashi ba zai isa ba

Wannan motsa huhu ne. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya maye gurbin maganin shaƙa na mai asma, ba ya ƙara wa mai ƙarancin jini jini. Mai ƙarancin jini yakan yi haki ko da huhunsa lafiya lau, domin masu ɗaukar oksijin ɗin ne suka yi kaɗan. Ku zo asibiti ba tare da jinkiri ba idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

- haki alhali mutum yana zaune, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya numfasa;
- ciwon ƙirji mai tsanani;
- tari da jini, ko tarin da ya kai mako biyu, domin a yi gwajin tarin fuka;
- leɓuna ko harshe sun yi duhu;
- kasa kwanciya miƙe da dare, tare da kumburin ƙafafu.

Game da yara, muna roƙon kowace uwa ta koyi ƙirga numfashi. Idan yaro yana tari ko zazzaɓi, ki jira ya yi shiru, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga tasowar cikinsa na minti ɗaya cif da agogo ko waya. Numfashinsa ya yi sauri idan ya kai:

- 60 ko fiye, ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
- 50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11;
- 40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5.

Saurin numfashi alama ce ta ciwon huhu, wanda yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara. Idan kuma kin ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ki ɗauko shi ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya yi masa turare ko tsaga a haƙarƙari. Ciwon yana da magani idan an zo da wuri.

Ku masu jinya, ku ne kuke kwana da mara lafiya, mu zagayowa muke yi. Idan an kwantar da naku, ku riƙa tuna masa kowace awa, ku tayar da shi zaune, ku miƙa masa matashi, ku ƙirga masa har goma. Wanda bai gane yadda ake yi ba, ya kira ɗaya daga cikinmu mu nuna masa a bakin gado.

Allah ya ƙara mana lafiya.