Ko Kun Sani? Sarkin da Ya Gina Gida a Bakin Daga

Wurno, garin da ke arewa maso gabashin Sakkwato idan an wuce Achida, asalinsa ribaɗi ne, wato sansanin tsaron iyaka. Wajajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi a kan tudun da ke kallon fadamar gulbin Rima, ta ɓangaren da Gobirawa da Abzinawa ke kawo hari. Maimakon ya zauna a tsakiyar ƙasa, Bello ya kai gidansa inda abokan gaba za su fara isowa.

Wurin ba a banza aka zaɓe shi ba. Tudu na ba da damar hango mahara tun daga nesa, ganuwa ta kare gari, fadama kuwa ta ciyar da mayaƙa da iyalansu ko da rani. Malamai da masu sana'a suka biyo shi, ribaɗi ya zama birni.

A nan Bello ya rasu a 1837, kuma nan hubbarensa yake. Ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ma ya fi zama a Wurno, kuma a zamaninsa ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853.