Dakuwa da Curin Cakulan a Zafin Illela

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, madara, man shanu, ƙwai, har da zuma. A Ingila aka kafa ƙungiyarsu ta farko a 1944. Su ma suna da kwaɗayin zaƙi, don haka masu sana'ar cakulan suke yi musu ƙananan curi da madarar kwakwa maimakon ta saniya, su cusa wani haɗi mai gishiri-gishiri a tsakiya. In ka kwatanta wa mutumin Lafani, a ƙaramar hukumar Illela, wannan abu, zai ce maka ai dakuwa kake nufi. Bai kauce sosai ba. Dukansu curi ne da ake mulmulawa a tafin hannu, dukansu zaƙi da gishiri ne, kuma ba ruwansu da dabba. Sai dai ita dakuwa ba don wata aƙida ta rabu da madara ba, dama can ba ta taɓa neman ta ba.

Aikin dakuwa na ƙarfi ne da haƙuri. A tsince aya, a wanke, a shanya, a soya har ta yi ƙamshi, a sussuke ɓawon a bushe. Sai turmi, ko kuma injin niƙa ga wadda ke yin mai yawa. A haɗa da soyayyar gyaɗa, sukari, gishiri, citta, wata ta ƙara barkono da kanumfari. Daga nan daka ne kawai, har man aya da na gyaɗa su tsattsafo, garin ya kama jikinsa. Ba a sa ruwa, kuma sirrinta ke nan: abin da ba danshi a cikinsa ba ya saurin lalacewa. Dakuwa takan yi kwanaki a faranti ko a aljihun direban da ya taso daga Ƙonni zai shiga Sakkwato, ba ta narke ba, ba ta yi tsami ba.

Shi curin cakulan shagwaɓaɓɓe ne. Cikinsa ana yin sa da wajen kashi biyu na baƙin cakulan da kashi ɗaya na madarar kwakwa mai kauri, a bari ya daskare kafin a cura. Rigar da ake yi masa ta waje ita ce wahalar. Sai an narkar da cakulan zuwa digiri 45 ko ɗan sama, a sauko da shi wajen 27, a sake ɗaga shi zuwa 31 ko 32, sannan zai bushe da sheƙi ya yi ƙas a haƙori. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki, ya dunƙule ya ɓaci. Man koko kuwa wajen digiri 34 yake narkewa, shi ya sa yake zubewa a harshe da irin santsin da dakuwa ba za ta taɓa yi ba. To amma a Illela, cikin Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yakan haura 40. Ba sanyin firji, ba cakulan, kuma kowa ya san yadda wutar lantarki take a ƙauyukanmu. Sai ko da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, da sassafe, mace za ta iya wannan aiki a ɗakin girkinta hankali kwance.

Inda na ga cakulan ya sha gaban dakuwa shi ne wajen sarrafa gishiri. A dakuwa gishirin yana cakuɗe da komai, cizon farko da na ƙarshe duk ɗaya ne. Su kuwa masu cakulan bene-bene suke gina ɗanɗano. Tun 1912 Jean Neuhaus ya fito da cakulan mai ɓawo da ake cika cikinsa a Beljiyam, kuma a 1977 Henri Le Roux, a garin Quiberon na Faransa, ya fitar da alewar ƙonannen sukari mai man shanu da gishiri wadda ta yi suna. Masu gudun kayan dabba sun ɗauki dabarun biyu, suka sauya man shanun da na kwakwa. Harshe yakan fara gamuwa da ɗacin koko, sai zaƙi ya ɓalle daga tsakiya, sai ƙwayar gishiri ta biyo ta danne ɗacin ta farkar da zaƙin. Abin yana ci mini rai, domin mu ne ke zaune a bakin hanyar gishirin da ayarin raƙuma suka daɗe suna saukowa da shi daga Bilma da Fachi, amma a kayan zaƙinmu barbaɗa shi kawai muke yi da ka.

Batun kayan haɗi kuma dakuwa ce da gida. Yankin Maraɗi na Nijar ya shahara da noman aya, har ana fitar da ita zuwa Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha mai kama da kunun ayarmu. Gyaɗa da aya ana samunsu a kowane ɓangare na iyakarmu da Nijar, kuma kasuwar Illela ta ranar Lahadi ba ta rasa su. Koko ana noma shi a Ondo da Kuros Riba, Kwaddibuwa da Gana su ne ke ba duniya fiye da rabin abin da take sarrafawa, amma yawancin baƙin cakulan mai kyau daga ƙetare yake dawo mana, da tsadarsa. A 2024 farashin tan ɗaya na koko ya wuce dala 10,000. Mutanen da suka ga an rufe iyakarsu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sun san hatsarin ɗora jari a kan kayan da sai sun zo daga nesa.

Dakuwa tana da nata laifin, kuma ɓoye shi ba ƙauna ba ce. Tsakuwar da ba a tsince ba ta sa mutane da yawa sun daina saye. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. Ga faranti a buɗe cikin ƙurar tasha. Ga rashin awo: ta yau ta yi zaƙi, ta gobe barkono ya yi mata yawa. Mai cakulan ba ta sa komai sai ta ɗora a sikeli, shi ya sa mai saye yake dawowa ya tarar da abin da ya sani.

Da wata 'yar'uwa a Lafani za ta nemi shawarata kan inda za ta sa jarinta, dakuwa zan ce, ba tare da jinkiri ba. Amma zan so ta ari dabarar cika ciki. Ta markaɗa dabino ya yi laushi, ta sa masa ƙwayoyin gishiri da ba a niƙe sosai ba, ta buɗe tsakiyar curin dakuwa da babban yatsa ta cusa, ta rufe. Ta rage sukarin da ke jikin dakuwar, tunda dabinon zai biya. Dabino yana da ɗan danshi, saboda haka ta riƙa yin wadda za ta ƙare cikin kwana biyu ko uku, ta naɗe kowace a takarda mai tsabta. In hunturu ya shigo, kuma an samu biki da masu iya biya, sai ta tsoma wasu a narkakken cakulan ta sa musu farashinsu daban.