Ƙwallon Tanis Mai Ƙarko: Tsadar da Ta Fi Araha

A manyan gasannin tanis, a cikin kowace karawa ana sauya ƙwallaye bayan ƙananan wasanni 7 na farko, daga nan kuma sai bayan kowane wasanni 9. A gasar Wimbledon kaɗai, wadda kamfanin Slazenger ke kai wa ƙwallo tun 1902, ana tanadar fiye da 50,000 domin makonni biyu. Duniya baki ɗaya kuwa, abin da ake ƙerawa a shekara ya kai wajen miliyan 300, kuma mafi yawansu a bola suke ƙarewa.

Dalilin wannan gajeren rai yana cikin ƙirar ƙwallon. Roba ce mai rami, an cusa mata iska da ƙarfi, an lulluɓe ta da saƙar ulu gauraye da nailan. Iskar ce ke ba ta tsalle. Shi ya sa ake sayar da ita a gwangwani mai matsi; da an fasa murfin, iskar ta fara sulalewa ta jikin robar, ko an buga ko ba a buga ba. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta shar'anta cewa idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254, ta tashi tsakanin 135 da 147. Wadda ta gaza haka, 'yan wasa kan ce ta mutu, alhali jikinta lafiya lau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wahalar da ake sha kafin a kai ga wannan ƙwallo. A 2013, wani bincike na makarantar kasuwanci ta Jami'ar Warwick a Ingila ya bi sawun kayan haɗa ƙwallon Wimbledon, ya gano suna tafiyar mil sama da 50,000 ta ƙasashe 11: ulu daga New Zealand a kai shi Ingila a saƙa, a tura Filifin a haɗa da roba, sannan a dawo da ƙwallon Landan. Duk wannan domin wasan da sau da yawa ba ya wuce rabin awa.

Akwai masu ƙoƙarin tattara matattun ƙwallaye. Tun 2009 hukumar tanis ta Faransa ke karɓar su, a niƙa, a yi daɓen filayen wasa. A Holan, kamfanin Renewaball na raba saƙar da robar domin a sake yin sabuwar ƙwallo. Aiki ne mai kyau, amma raba ulun da aka manne da gam a jikin roba akwai wuya da tsada, kuma abin da ake cetowa kaɗan ne.

A ganina, maganin ya fi kusa da ƙarko. Ƙwallaye marasa matsi, irin na Tretorn ta Suwidin, daga kaurin robarsu suke samun tsalle, don haka sai saƙar ta suɗe kafin a yar. A 2019 kamfanin Wilson ya fito da ƙwallon Triniti, ya canza haɗin robar, ya zuba ta a kwalin takarda tunda ba ta buƙatar gwangwani, ya kuma ce tana riƙe sabuntarta ninki huɗu. Ko da an rage wani abu daga wannan ikirari na mai talla, lissafin a fili yake: mai horar da yara ya auna kuɗinsa da awannin da ƙwallo za ta yi a fili, ba da farashin kwali ba.

Gaskiya ne ƙwararru na ƙorafin cewa irin waɗannan sun fi tauri a hannu, ƙararsu ma daban. Wanda wuyan hannunsa ne jarinsa, dole a saurare shi, kuma a kan kamfanoni nauyin gyara yake. Amma ƙwararru tsiraru ne. Makarantu, kulob-kulob da masu buga wasan motsa jiki, waɗanda su ne ke cinye yawancin ƙwallayen duniya, ba su da hujjar jira. Su fara sayen mai ƙarko tun yanzu.